Kujera Ta Bakwai A Layin Gaba

Ƙarfe biyar saura kwata na yamma, ranar Juma'a, a ɗakina da ke unguwar Utaiƙa a Riyad. Mu huɗu ne. Akwai ni, Iro, mutumin ƙasar Damagaram, mai saya wa baƙi tikiti da raka su kallon wasanni a Riyad. Akwai Habu, wanda yake kai wa mutane abinci gida-gida a mota, da abokinsa Nura, ɗalibin jami'a. Su biyun sun zo ne in nuna musu hanyar shiga aikina. Na huɗu Laminu ne, ɗan dambe, yana tsaye a jikin bango kusa da taga.

Nura ya jawo kujera ya tura masa. Ya ce, "Bismilla, ɗan'uwa, zauna mana."

Laminu ya dubi kujerar, ya kau da kai. Ya ce, "Baba bai zauna ba."

Na ce wa Nura ya mayar da kujerar, ba da ni Laminu yake ba, ko da yake ni ma Baba suke ce mini. Mahaifinsa yake nufi, kuma mahaifinsa ya rasu shekara shida da suka wuce. Wata goma sha huɗu ke nan Laminu bai zauna ba, ba a kujera ba, ba a gado ba, ba a tabarma ba. Ƙafafunsa sun kumbura har ba takalmin da yake shigarsu.

Habu ya yi dariya ya ce, "To Baba Iro, mu dai a koya mana. Ai ba wani abu ba ne. Ka danna waya, tikiti ya fito, ka ɗora ladanka, halas. Ko kakata za ta iya."

Na ce su sha shayinsu su tafi, zan rubuta musu. Magana da baki tana warwatsewa. Ga shi na rubuta, daki-daki, don su da duk mai tunani irin nasu.

Na zo ƙasar nan a matsayin direba. Shekara huɗu ina tuƙi kafin kafilina, wato mai gidan da takardun zamana suke hannunsa, ya mayar da ni hannun wani dattijo mai ƙaramin ofishi a unguwar Batha, wanda muke kira Ammu Sale, wato Baffa Sale. Bahaushe ne haifaffen Makka, Larabcinsa ya fi Hausarsa. Aikinsa raka baƙi: tseren raƙuma, filin ƙwallo, kasuwanni. A lokacin tikiti takarda ne, a taga ake saye, a layi ake tsayawa.

Aikin farko da ya ba ni, tikiti goma sha ɗaya ne na wasan ƙwallo, na wasu 'yan kasuwa da suka zo daga gida. Na isa taga, na ga akwai mai tsada akwai mai sauƙi, kuma duka fili ɗaya ake kallo. Na sayi mai sauƙin, na dawo masa da canji ina jiran yabo. Ashe ɓangaren da na saya shi ne wanda rana take duka tun la'asar. Baƙin suka fito kamar an gasa su. Ammu Sale bai yi mini faɗa ba. Da mako ya zagayo ya saya mini tikiti ɗaya a wannan ɓangaren, ya ce in je in zauna daga farko har ƙarshe, ba hula ba ruwa. Da na dawo ya ce, "Ya Iro, kujerar da ba ka zauna a kanta ba, kada ka saya wa mutum."

Wannan shi ne darasi na farko. Na biyu ya zo bayan 'yan watanni. Wani baƙo ya yi zazzaɓi ranar wasa, tikitinsa ya rage a hannuna, na dawo da shi cikin aljihu. Ran nan kam ya yi faɗa. Ya ce tikiti ba zinariya ba ne da za a ajiye, dafaffen abinci ne, in lokacinsa ya wuce ya lalace. Ya ce kujerar da aka biya ba a barinta fanko, ko mai share titi na gani a bakin ƙofa in ba shi ya shiga. Shekara goma sha tara na yi ina bin wannan doka. Ku riƙe ta, za mu dawo kanta.

Ammu Sale ya rasu kafin a fara wasannin da nake ci da su yanzu. Da aka buɗe ƙasar ga masu bizar yawon buɗe ido, aka fara kawo damben nan da ake yi da safar hannu a kan dandali mai igiya, wanda ake naushi kuma ake shuri da ƙafa da gwiwa. Mutanenmu suna kiransa damben shuri. Bahaushe yana son dambe, don haka duk wanda ya zo Riyad saro kaya ko ziyara, in ya ji ana yi, sai ya ce a kai shi. Tambayarsu ɗaya ce, "Nawa ne?" Kuma wannan tambaya ba ta da amsa ɗaya.

A zaurukan da na sani kujeru kashi uku ne. Akwai na sama, can kusa da rufi. A daren da ba manyan 'yan wasa, na sha saya a ƙasa da riyal ɗari. Wanda ya zauna a nan allon talabijin yake kallo, mutanen da ke dandalin kuwa kamar 'yan tsana yake hango su. Akwai na tsakiya, riyal ɗari biyu zuwa huɗu, kuma nan ne nake kai yawancin baƙina, don nan ne ake ganin wasa. Sai layin gaba, wanda yake haura dubu, wani lokaci ya ninka. Mai kuɗi yana zaton a layin gaba aka fi gani. Ba haka ba ne. Igiya tana tare ido, kan alƙalai yana tarewa, mai ɗaukar hoto yana tarewa. Abin da ake saya a layin gaba shi ne ƙara. A can ake jin yadda ƙashin ƙauri yake haɗuwa da haƙarƙari, a ji numfashin mutum yana fita ba da sonsa ba. Gumi yana sauka a kan tufafi, wani lokaci da jini.

Bayan wannan akwai abin da baƙo ba ya sawa a ransa. Akwai ɗan kuɗin da ake ƙarawa wajen biya ta waya. Akwai mota zuwa da dawowa, don zaurukan ba a cikin Batha suke ba. Ruwan sha a ciki ya ninka na waje. Farashi kuma yana hawa in ranar ta matso. Sai mafi muni, masu sayar da hoton tikiti. Na taɓa tarar da wasu mutum uku 'yan Katsina a bakin ƙofa, sun ƙi saye a wurina don wani ya ba su a rabin kuɗi. Tikitin yanzu wani tambari ne mai ɗigo-ɗigo baƙi da fari, a haska shi da na'ura a ƙofa, in ta yi kore ka shiga. Sau ɗaya yake yi. Mutumin ya sayar wa mutane da yawa hoto guda, wanda ya riga zuwa ya shige, su kuwa na'ura ta yi musu ja. Suka tsaya da manyan riguna suna rantsuwa ga mai gadi wanda ba ya jin Hausa.

Kayan aikina ba su da yawa. Waya biyu, don in ɗaya ta mutu a bakin ƙofa baƙi ba za su ji uzuri ba. Batirin ko-ta-kwana. Auduga ta toshe kunne, saboda kiɗan da suke sawa. Baƙin tawul na masu layin gaba. Katin wuya na ofishinmu, wanda yake ba ni damar tsayawa a hanyar da ke tsakanin kujeru. Sai littafi. A littafin na zana kowane zaure da biro, na sa alama a kujerar da ginshiƙi yake tarewa, da wadda na'urar sanyi take hurawa a ƙeya, da wadda take nesa da ban-ɗaki. Duk na zauna a kansu, da safe, lokacin da masu shara suke aiki.

Kafin in saya wa kowa tikiti ina yi masa tambaya uku. Nawa za ka iya kashewa ba ka tashi gobe kana cizon yatsa ba? Ka taɓa ganin mutum ya faɗi sumamme a gabanka? Akwai naka a cikin masu wasan? In ya ce akwai, ba na sa shi a layin gaba ko nawa zai biya. Ɗan'uwa yana tashi ya yi ihu, ko ya nufi igiya, a fitar da shi, a ɓata mini suna.

Mutane suna cewa shekarar annoba ce mummunar shekara. An rufe zauruka, ba jirgi ba baƙo. Na koma ɗaukar kwalayen tumatir da albasa a kasuwar Utaiƙa, ina da shekara hamsin da biyu, har ƙuguna ya riƙe. Amma wannan wahala ce kawai, ta zo ta wuce. Tawa mummunar shekarar bara ce.

Wata Talata bayan azahar aka turo mini wani dattijo a ofis. Sunansa Alhaji Nomau, mahauci ne daga wani ƙauye a ƙasar Maraɗi, ya gama umara ya biyo Riyad. Dogo ne, ba ya yawan magana, hannuwansa duk tabon wuƙa. Ya ce ranar Alhamis ɗan yayansa, Laminu, zai hau dandali. Laminu ya zo ƙasar nan ne yana goge-goge a wani gidan motsa jiki, mai gidan ya ga hannunsa ya sa aka horar da shi. Wannan ne wasansa na farko a babban zaure.

Alhaji Nomau ya ce, "Kujera biyu nake so. A gaba."

Na ce, "Alhaji, ba na sa dangi a gaba."

Ya ce, "Malam Iro, shekara arba'in ina yanka. Ba jinin da zai tashe ni daga kujera."

Na faɗa masa kuɗin, ko zai ja da baya. Riyal dubu ɗaya da ɗari biyu kowace. Ya juya shi zuwa jika, kuɗinmu na Nijar, a ransa, sannan ya ce, "Bijimi guda ke nan." Ya zaro kuɗin daga lalita ya ajiye. Na karɓa. Wannan ne kuskurena na farko.

Na buɗe littafi na nuna masa zanen zauren. Ya tambayi kusurwar da Laminu zai tsaya, na nuna. Ya bi da yatsa har ya kai kujerar da take hannun daman mai tsayawa a wannan kusurwa. Ta bakwai ce a layin gaba. Ya ce ita da ta takwas.

Na ce, "Ta takwas taka. Ta bakwai fa, wa zan rubuta?"

"Rubuta Tanko. Yayana ne, uban yaron."

"Ya iso Riyad?"

"Zai zo."

"To ba ni lambarsa in tura masa tikitin."

Ya ce, "Ba ya riƙe waya. Bar shi a wurinka. Abu ɗaya nake roƙo, kada kowa ya zauna a kanta. Ko ka ga bai zo ba."

Na ce to. Ban ƙara tambaya ba, kuma wannan ne kuskure na biyu.

A wannan Alhamis ɗin ina da wani baƙo guda, Alhaji Kabiru, mai sayar da labule a Kano. Da na faɗa masa kuɗin layin gaba sai da ya dafe ƙirji. Ya ce, "Dubu ɗaya? A kan kujerar roba? Baba, da kujerar zan tafi gida?" Ya sayi na sama, riyal tamanin, ya ce idonsa garau ne.

'Yan wasan da ba su yi suna ba su ake fara sawa, tun zaure bai cika ba. Mun shiga ƙarfe biyar da rabi. Na haska tikitin Alhaji Nomau, na haska na Alhaji Kabiru, na nuna katina. Tikitin kujera ta bakwai ban taɓa shi ba, ya zauna a wayata. Da muka isa layin gaba Alhaji Nomau ya fito da wata tsohuwar hula daga aljihu, ya karkaɗe ta, ya ɗora a kan kujera ta bakwai. Da aka kira magariba ya ce zai je ya yi salla. Bisa takardar shiri, wasan Laminu ne na uku, akwai lokaci. Ya ce, "Malam Iro, ga amana nan." Ya tafi.

Yana fita aka sanar cewa an soke wasa ɗaya, wani bai cika nauyi ba. Laminu ya koma na biyu, na farkon kuma bai kai minti biyu ba aka gama.

Sai wani ma'aikacin zauren, mai baƙar kwat da waya a kunne, ya zo ya nuna kujerun biyu. Ya ce kyamara tana ɗaukar layin gaba, ba a son a ga gurbi. In masu su ba sa nan, in kawo wani, ko shi ya kawo. Na ce mai ta takwas yana salla, yanzu zai dawo. Ya ce ta bakwai fa? Da na nuna masa tikitin na ce an biya kuma mai ita ya ce a bar ta, da ya ƙyale ni. Na sha ganin haka. Amma a daidai lokacin wayata ta yi ƙara, Alhaji Kabiru ne daga sama.

"Baba, ka cuce ni. Nan fa kamar daga jirgi nake kallo. Ba wani ɗan gurbi a ƙasa?"

Na dubi kujerar. Riyal dubu da ɗari biyu, da hula a kai, mai ita bai zo ba, wasan ɗansa kuma ana shirin farawa. Shekara goma sha tara ban bar kujerar da aka biya fanko ba. Na ce wa kaina in Tanko ya iso sai in tashi mutumin. Na ɗauke hular na sa a jakata, na ce wa Alhaji Kabiru ya sauko. Kuskure na uku ke nan.

Ya sauko cikin farar shadda yana washe baki, ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya ɗaga waya yana ɗaukar kansa. Ya ce, "Ka ga ikon Allah, da riyal tamanin!"

Laminu ya fito, ya ratsa igiya, ya tsaya a kusurwarsa. Abin da ya fara yi shi ne juyawa dama. Alhaji Kabiru ya ɗaga masa hannu ya ce, "Namu! Ka cinye shi!" Laminu bai dube shi ba. Sama da kafaɗarsa yake kallo, daidai inda fuskar mutum za ta kasance in yana tsaye a gefen kujerar. Ba kowa a wurin. Ni ne mafi kusa, kuma taku uku ne tsakanina da gurbin. Laminu ya durƙusa a kan dandalin, ya sunkuyar da kai kamar mai gaisuwa. Sai da alƙali ya taɓa shi ya tashi.

Turmin farko ya yi kyau. Ya fi abokin karawarsa hannu, kowa ya gani. Aka buga ƙararrawa, mai horar da shi ya shigo da 'yar kujerar nan da ake ba ɗan wasa ya huta minti ɗaya. Laminu ya ƙi zama. Mutumin ya danna kafaɗarsa, ya ture hannun. Ya sha ruwa a tsaye, idonsa a gefen kujera ta bakwai.

A nan ne Alhaji Kabiru ya daina dariya. Ya kira ni da hannu. Ya ce, "Baba, wa ke tsaye a kaina?"

Na ce ba kowa.

Ya ce, "Ba ka jin wari? Kamar ɗanyar fata da hayaƙi."

Na ji. Zaure ne mai na'urar sanyi, ba a shiga da abinci daga waje, amma na ji warin mahauta kamar ina tsaye a kasuwar ƙauye. Na ce masa ya tashi ya koma sama. Ya dafa hannun kujerar, ya yunƙura, ya koma. Ya sake. Ya ce, "Wallahi ƙafafuna ba sa ɗauka."

Turmi na biyu ya wuce, Laminu ya sake ƙin zama. Wanda bai taɓa yi ba ba zai san amfanin wannan minti ɗaya ba. A turmi na uku ƙafafunsa sun yi nauyi, hannun hagunsa ya fara sauka. Alhaji Nomau ya iso a lokacin. An tsare shi a ƙofa ne, don ba a barin mutum ya ratsa ana tsakiyar turmi. Ya zo ya ga farar shadda a kujera ta bakwai. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam Iro, ina hular?"

Ban kai ga amsawa ba. Laminu ya waiwayo dama, abokin karawarsa ya ɗaga ƙafa, ƙaurinsa ya same shi tsakanin kunne da wuya. Na ji ƙarar. Ya faɗi a gefe, idonsa biyu a buɗe, suna kallon wuri ɗaya.

Aka fita da shi a kan gadon ɗauka. Alhaji Kabiru kuwa sai da ma'aikata biyu suka kama shi ta hammata suka ɗaga shi, suka kai shi waje. Yana shan iska ƙafafunsa suka dawo. Ya tare tasi ya tafi. Washegari ya bar ƙasar, layin wayar da yake amfani da shi na baƙi ne, ya mutu bayan 'yan kwanaki.

A asibiti, muna zaune a benci, Alhaji Nomau ya yi mini bayani. Tanko ya rasu. A gidansu, in ɗa zai shiga fage, ana shimfiɗa wa uban buzu a hannun damansa, ya zauna, ɗan ya gaishe shi kafin a fara. In uban ya rasu ana shimfiɗa buzun duk da haka, a ɗora hularsa, ba mai zama a kai. Haka kakanninsu suka yi. Na ce me ya hana ya faɗa mini? Ya ce, "A ƙasar nan? In ce na sayi kujera don mamaci? Da kai ma ka yi mini wa'azi."

Na fito da waya don in nuna masa tikitin yana nan, ko a mayar da wani abu. Na buɗe. Tikitin kujera ta bakwai ya canza launi, an rubuta an shiga da shi, ƙarfe shida da minti huɗu, ƙofa ta biyu. A wannan lokaci ina cikin zauren, wayar tana aljihuna, kuma ban tura wa kowa hotonsa ba. Daga baya na je na tambayi shugaban masu ƙofa, ya duba ya ce haka na'ura ta nuna, shi bai san komai ba bayan wannan. Alhaji Nomau bai yi mamaki ba. Ya ce, "Ai na gaya maka zai zo. Ya zo ya tarar da mutum a wurinsa."

Kwana tara Laminu ya yi kafin ya farfaɗo. Yana buɗe ido ya sauko daga gadon ya tsaya. Yana gane mutane, yana cin abinci, yana amsa gaisuwa. Salla kaɗai ce take kai shi ƙasa, yana sallamewa ya miƙe. Barci a tsaye yake yi, jingine da bango, har ya zube, mu gyara masa kwanciya. Yana farkawa ya zabura. Ɗa ba ya zama ubansa yana tsaye, haka aka rene shi.

Bizar Alhaji Nomau ta ƙare ya koma gida. Ni na ɗauko Laminu na kawo ɗakina, don ni na ɗauke hular. Likita ya ce duka ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, tunaninsa ya maƙale a kan abin da ya gani na ƙarshe. Malamai sun zo sun yi masa addu'a, ɗaya ya ce mini mamaci ba ya dawowa, sauran zancen camfi ne, in yi istigfari. Ban yi musu ba, ni ma haka aka karantar da ni, kuma na yi istigfarin. Ba na cewa ga abin da ya faru. Abin da na gani da abin da na ji nake rubutawa.

Bayan wata huɗu aka sake yin wasa a zauren. Na sayi kujera ta bakwai da kuɗina, na ɗora hular, na tsaya a kanta ban bar kowa ya matso ba. Na shigo da Laminu tun kafin mutane su taru, na kai shi gabanta. Na ce, "Ga wurin Baba nan, an gyara." Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Akwai mutum a kai. Mai farin kaya."

Na kira Alhaji Nomau na faɗa masa. Ya ce dama ya san haka za a yi. Ya ce wanda ya zauna bai tashi da ƙafarsa ba, ɗaga shi aka yi. Dole sai mutumin ya dawo ya zauna, ya tashi da kansa a gaban yaron, ya nuna kujerar ya ce bismilla. Ko don mamaci ne, ko don ƙwaƙwalwar Laminu ce take buƙatar ta ga hakan, ni ban damu da wanne ba ne. Na gwada sa wani ya sa farar shadda ya yi. Laminu ya dube shi ya ce ba shi ba ne.

Yanzu ƙafar Laminu ta hagu ta fashe a wuri biyu, ba ta warkewa. Likita ya ce in aka ci gaba haka za a kai ga yankewa. Iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, saura wata uku, kafilinsa ya sabunta sau ɗaya don tausayi, ya ce ba zai iya na biyu ba. In aka mayar da shi gida, kujerar tana nan Riyad, shi yana can.

Saboda haka ina roƙon mai karatu. Sunan mutumin Alhaji Kabiru, yana sayar da labule a Kano. Zai kai shekara arba'in, gajere ne mai jiki, yana da wushirya da tabo a girar hagu. Ya zo Riyad bara, ya kalli damben shuri sau ɗaya, kuma ina jin ba ya ba da labarin. In ka san shi, ka je ka same shi da kanka, kada ka aika. Ka ce masa ba wanda yake tuhumarsa, laifin nawa ne. Ka ce kuɗin jirgi da biza da tikiti duk a kaina, ya nemi Iro mai tikiti a wurin masu shayi 'yan Nijar da ke Batha. Ba a son komai daga gare shi sai ya zauna minti ɗaya, ya tashi. Don Allah ka isar kafin wata ukun nan su cika.